"Ai bitamin ne kawai": yadda na yi sati bakwai ina warware aikin kemo da hannuna

Na daɗe ina so in rubuta wannan abin amma kunya take hana ni, don gaskiya wauta ce na tafka da hannuna ba wanda ya ɗura min. Sai shekaranjiya muna zaune a layin ɗibar jini naji wata baiwar Allah tana gaya wa ta kusa da ita wai ta samo abin da zai dawo mata da gashi, irin bitamin ɗin da ake ba masu ciki, nace innalillahi ashe ba ni kaɗai bace. Na dai yi mata magana a wajen, amma bari in faɗa a nan ma tun daga farko.

Ni sankarar jini gare ni, irin wadda likitoci ke kira ALL, mai saurin nan da ke kama ɓargo. Ba zan tsaya dogon labarin yadda aka gano ba, zazzaɓi ne da ya ƙi tafiya da kasala da ɗigo-ɗigon jini a ƙafa, aka ɗebi ɓargo a ƙugu shikenan rayuwa ta juya. Watannin farko sune masu zafi, kwanciya asibiti, ƙarin ruwa, ƙarin jini, allurar gadon baya, gashi ya zube tas har gira. Bayan an wuce wannan sai a shiga zangon ƙarshe wanda shi ne mai tsawo, zangon riƙo nake ce masa, kana gida kana shan ƙwayoyi, duka maganin daga farko zuwa ƙarshe yakan ci shekara 2 zuwa 3. A nan ne mutum yake sakin jiki, don yaga ya tashi yana harkokinsa, kuma a nan na yi tawa.

Tsarin da aka ɗora ni shi ne ƙwayoyin kemo iri biyu, wato maganin kashe sankara, makaptofurin kullum da dare, metotreksat sau ɗaya a sati ranar Laraba, ƴan ƙananan ƙwayoyi ne masu miligram 2.5 ina haɗiye guda 12 a tashi ɗaya, sai Septrin kwana uku a sati saboda kada ciwon huhu ya samu ƙofa, sannan lokaci-lokaci a yi min allurar binkiristin da ƙwayar sitiroyid ta kwana biyar. Na haddace su kamar sunan ƴaƴana. Duk zuwa asibiti kuwa sai nas ta tambaya, akwai wani magani da kike sha bayan namu? Ni kuma ince babu.

To gashin ne ya dame ni. Ya fara fitowa amma wani irin laushi-laushi kamar na jariri, gaban goshi fayau, faratana kuma sai karyewa suke. Ƴata ƴar shekara huɗu wata rana ina ɗaura ɗankwali ta tsaya tana kallona tace Umma yaushe za ki yi kitso irin nawa, wlh ranar sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Yayata tazo ta same ni idona jajir, ita kuma bata daɗe da haihuwa ba, tace ke dalla share hawayenki, kin ga gashina lokacin da nake da ciki? Bitamin ɗin awo ne, akwai roba biyu da suka rage min ban ma buɗe ɗaya ba, ga ƙarin jini ga gashi ga farce, abin da ake ba mai ciki da jariri a cikinta ai ba zai cuci kowa ba. Maganar ta shige ni, don ta zauna daidai da hankali. Nace Yaya ko in tambayi likita? Tace tambayar me, ai ba magani bane bitamin ne kawai.

Kada wani ya zagi Yaya dan Allah. Matar da ta bar gidanta da tsohon ciki ta kwana a kujerar asibiti saboda ni. Ni ce mai ciwon, ni aka yi wa bayani tun farko aka ce ko me za ki sa a baki ki faɗa mana, ni ce na ji na watsar.

A jikin robar an rubuta ɗaya a rana. Ni da ke sauri sai na mayar da shi biyu, safe da dare, na daren ma tare da makaptofurin nake haɗiye shi da ruwa ɗaya.

Abin da ya kamata a gane shi ne a wannan zangon ba a so fararen ƙwayoyin jininka su cika. Na san abin da ban mamaki, mu da kullum ake roƙon jini ya ƙaru. Akwai wasu da ake kira nutrofil, sojojin jiki, da su likita yake auna ko maganin yana cizo yadda ya kamata. A tsarina ana so su tsaya tsakanin 0.75 da 1.5. In sun yi ƙasa sosai magani ya yi yawa, garkuwa ta faɗi, in sun haura kuma alama ce maganin bai danne ɓargo ba, kuma in bai danne masu lafiya ba to wa ya san me ragowar masu cutar suke yi a ɓoye. Nawa da suna yawo wajen 1.1, 1.2. Bayan na fara bitamin aka ɗiba aka ga 2.4. Ni har murna nake ina cewa jiki ya yi kyau. Likita ya kalli takardar ya kalle ni yace Malama kina shan maganinki kuwa? Nace ko sau ɗaya ban tsallake ba. Ya ƙara min makaptofurin. Bayan sati biyu 2.9. Ya sake tambaya, wannan karon har da maigidana a wajen, ya juya yace masa kai kana ganin tana sha? Raina ya ɓaci sosai, nace Likita ni fa ba yarinya bace, ina da ƴa, mutuwa nake gudu. Ya ba ni haƙuri ya mayar da metotreksat daga ƙwaya 12 zuwa 15. Aka sake ɗiba, 3.1.

Ranar ne ya ajiye biro yace zuwa na gaba ki kwaso min duk abin da kike haɗiya ko sha ko tsotsa a gida, ki zubo a leda, har wanda kike ganin ba komai bane, ki fara biyawa wajen mai harhaɗa magunguna tamu kafin ki shigo wajena.

Da zan fito da safe na zuba kwalayen asibiti a leda, na kai hannu kan robar bitamin na tsaya, har na juya na bar ta, sai kalmar nan tasa ta "har wanda kike ganin ba komai bane" ta dawo min, na jefa ta ciki.

Mai magungunan wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, bata da yawan magana. Ta zazzage ledar a tebur tana jera su ɗaya-ɗaya tana duba ranar da aka ba ni tana ƙirga abin da ya rage, ashe ƙirgen nan duba take ko da gaske nake sha. Lissafi ya fita daidai. Sai hannunta ya kai kan robar, ruwan hoda ce da hoton mace ta dafa ciki. Ta ɗaga ta, ta sauke tabarau, ta tashi ta tura ƙofa ta rufe, ta dawo ta zauna kusa da ni tace a hankali, ƴata ciki gare ki?

Nace a'a wlh, gashi nake nema.

Bata yi dariya ba. Tace yaushe rabonki da al'ada, nace ai tun da aka fara kemo ta rikice. Take ta kira nas aka ba ni ƴar roba aka ce in kawo fitsari. Minti biyar ɗin da na yi ina jiran tsinken nan ya nuna, ban taɓa jin tsoro irinsa ba ko ranar ɗibar ɓargo, alhali na san muna kan tsarin iyali tun farkon magani. Layi ɗaya ya fito. Sannan ta sauke numfashi tace metotreksat yana zubar da ciki, in bai zubar ba yana nakasa halittar jariri, shi ya sa duk macen da ke shansa aka gan ta da wannan robar ba a wuce wannan tambayar.

Daga nan ta juya bayan robar ta sa farce a kan layi ɗaya tace karanta min. Folik asid, maikrogiram 800. Tace sau nawa? Nace biyu a rana. Tun yaushe? Na ƙirga, sati bakwai. Ta rubuta 1,600 a takarda ta ja layi a ƙasa. Ta tambaya ko ina haɗawa da ƴar ƙaramar ƙwayar folik asid ɗin nan ruwan ɗorawa da ake bayarwa a awo, nace a'a, tace Allah ya taimake ki, ita waccan miligram 5 ce, wato maikrogiram 5,000 a ƙwaya ɗaya.

Bayanin da ta yi min shi ne har yau nake maimaita wa mutane. Duk ƙwayar halitta da za ta rabu biyu sai ta kwafi kundin halittarta, kuma ba ta iya kwafar sai da folet, wato bitamin ɗin da folik asid yake zama a jiki. Shi ya sa ake ba mai ciki, don jariri ba abin da yake sai rabuwa da ƙaruwa, kuma bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko. To ƙwayar sankara ma abin da take yi kenan, rabuwa ba tsayawa, yunwar folet ɗinta ta fi ta kowa. Shi metotreksat an ƙera shi ne ya yi kama da folik asid sak, kamar makullin bogi, ya shiga ramin kwaɗon da ke sarrafa folet ya maƙale ya ƙi fita, sai ƙwayar ta rasa abin gini ta mutu. Tace mu muna kashe ta da yunwa ranar Laraba, ke kuma kina kai mata tallafi safe da yamma. Ta ƙara da cewa wasu bitamin ɗin masu ciki na yanzu ma ba folik asid ɗin gama-gari ke ciki ba, wanda aka riga aka sarrafa ne, metilfolet, shi ba ya ma buƙatar bi ta ƙofar da aka toshe.

Nan na tuna lokacin da nake kwance ana yi min metotreksat mai yawa ta jijiya, ruwan nan mai launin ɗorawa, bayan kwana ɗaya da wani abu sai a fara ba ni wani magani lukoborin duk awa shida ana ɗibar jini ana duba ko maganin ya fita. Nace ba shi ma ɗan gidan folik asid bane? Tace shi ne, amma kin ga ai da agogo ake ba da shi, sai an bar kemo ya gama aikinsa sannan a kawo shi ya ceci masu lafiya, an san awa an san adadi. Naki ba agogo ba adadi.

Ni da na ɗauka a nan aka tsaya, sai ta gangara layi na gaba, sinadarin ƙarfe miligram 27. Tace ledar jini nawa aka ƙara miki tun farkon ciwo? Maigida ne ya riƙe lissafin, leda 11. Tace kowace leda tana ɗauke da ƙarfe wajen miligram 200, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da shi sai ɗan miligram 1 zuwa 2 a rana, ragowar hanta yake zuwa ya kwanta, hantar da dama makaptofurin da metotreksat suke wahalar da ita. Ƙarancin jinin mai kemo yawanci ba rashin ƙarfe bane, ɓargo ne aka danne, ko buhu ka sha ba zai motsa ba. Wannan ya ba ni haushin kaina fiye da na farkon, don duk wanda ya zo dubiya sai yace a nemi maganin ƙarin jini, ni ma haka na yarda. Ta kuma ce ƙarfe da kalsiyam da zinki da ke cikin irin robar nan suna kama wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta a hanji, irin su sifrofuloksasin, su hana su shiga jini, ga mai raunin garkuwa kuwa wannan ba wasa bane. Akwai bitamin A ma a ciki, tace ni bai shafe ni kai tsaye ba amma masu wata irin sankarar jinin da ake kira APL maganinsu ATRA daga dangin bitamin A yake, su in suka ƙara sai ya yi musu yawa ya zama guba. Da ta ga fakitin ibufrofen a ƙasan jakata kuwa, wanda ban ma sa a leda ba, cewa tayi miƙo shi nan, yana hana ƙoda fitar da metotreksat.

Na shiga wajen likita kaina a ƙasa. Ya karanta abin da ta rubuta ya yi shiru, ni jira nake ya balbale ni da faɗa. Sai yace to alhamdulillah, gara wannan da abin da nake tsoro. Yace ba zai rantse cewa bitamin ne kaɗai ya ɗaga lissafin ba, amma lokacin ya zo daidai kuma dalilin a fili yake. Na tambaye shi abin da ke cina, nace Likita ciwon ya dawo? Yace jinin da aka duba a madubi ba a ga baƙin ƙwayoyi ba, za mu cigaba da sa ido. Sannan yace abin da ban zata ba, wai yanzu ne ma ake cikin haɗari, don an ƙara miki magani a kan jikin da ke samun kariya, yau za ki daina bitamin, kariyar za ta janye, maganin zai sauko miki da nauyinsa. Ya mayar da metotreksat 12, ya rage ɗayan, yace gwajin jini duk sati, in ma'aunin zafi ya nuna 38 ko tsakar dare ne ki taho kada ki sha komai ki kwanta. Nace abinci fa, in daina cin ganye? Yace a'a ki ci abincinki yadda kika saba, da na cikin roba muke faɗa.

Sati na farko 2.2. Na biyu 1.3, har na fara cewa an wuce. Na uku bakina ya fashe, gyambo a gefen harshe da cikin leɓe ko ruwa na kurɓa sai hawaye, aka ɗiba aka ga 0.4. Aka tsayar da ƙwayoyin kemo gaba ɗaya kwana 10. Kwana goman nan ban fita ko ƙofar gida ba, ƴata tana mura aka kai ta wajen kakarta, ina kwance ina auna zafi kamar mai lazimi, kuma abin da ke raina shi ne yau kwana kaza ba abin da ke danne cutar, duk saboda gashi. Allah ya rufa asiri zazzaɓi bai zo ba. Aka dawo da ni a ƙasa da abin da nake sha da, ana ɗagawa kaɗan-kaɗan, sai da aka yi wajen wata biyu kafin lissafin ya koma ya zauna inda yake tun asali. Gwajin ƙarfe da aka yi, feritin, ya haura 1,000, an ce za a sake dubawa in an gama magani a ga ko sai an yi wani abu a kai.

Rigimar da ta rage ita ce ta Yaya. Da na gaya mata a waya sai ta hau, tace ita fa bata yarda ba, uwar mijinta tana shan wannan metotreksat ɗin saboda ciwon gaɓɓai kuma likita da kansa ya rubuta mata folik asid, to wanne ne gaskiya? Ni ma abin ya ɗaure min kai sai da na koma na tambaya. Ashe duka gaskiya ne. Mai ciwon gaɓɓai ana ba ta ne don a kwantar da kumburi da garkuwar da ke cin jikinta, ba a neman kashe wata ƙwaya da yunwa, don haka ana haɗa mata da folik asid a wata rana daban ya rage mata gyambon baki da tashin zuciya da wahalar hanta. Mu kuwa yunwar ita ce maganin. Har ma matan da ciki ya zauna musu ba a cikin mahaifa ba aka yi musu allurar metotreksat, abu na farko da ake ce musu shi ne su ajiye bitamin ɗin awo. Da na mayar mata da wannan sai ta yi shiru, can naji tana jan hanci, tace da na kashe ki kenan. Nace Yaya ni na haɗiya, har biyu-biyu ma da ba ki ce ba.

Daren da sitiroyid ya hana ni barci na yi ta karance-karance a waya, sai na tarar ashe labarin nan ya girmi iyayenmu. A 1931 wata likita ƴar Ingila, Lucy Wills, tana aiki a Bombay ta Indiya ta gano akwai wani sinadari da ke warkar da ƙarancin jinin mata masu ciki, wanda daga baya aka san shi da folet. A wajen 1947 kuma wani likita a Boston ta Amurka, Sidney Farber, ya ba yara masu sankarar jini dangin folik asid da tunanin zai gyara musu jini, irin tunanin Yaya sak, sai ya ga cutar ta ƙara gudu. Daga nan ya juya lissafin, ya nemi abin da zai toshe folet, aka ba shi aminofterin, a 1948 ya ba da rahoton yara 16 da 10 daga cikinsu cutar ta lafa musu na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba. Metotreksat ƙanin wannan maganin ne. Wato ƙwayar da nake sha duk Laraba an same ta ne daga kuskuren da na maimaita a ɗakina bayan shekara saba'in da wani abu. Na tura wa Yaya, ta turo min alamar kuka da ta dariya tare.

Na tambayi likita ko ni da wannan robar har abada kenan, don ina son ƙara haihuwa in Allah ya nufa. Yace a'a, in an gama magani an jira lokacin da ya kamata, aƙalla wata 6 saboda metotreksat ya bar jiki, shi kuma zai so ya fi haka don a tabbatar cutar ta kwanta, to shi da kansa zai ce in fara folik asid tun kafin cikin ya shiga, sai dai wataƙila marar ƙarfe a ciki saboda feritin ɗina. Saura wata 8 in gama.

Robar da ban buɗe ba na mayar wa Yaya, ta ba matar ƙaninmu da ke da ciki wata uku. Gashin kuma ya cigaba da fitowa a yadda ya ga dama, ya fi na da murɗewa, gaban goshin ne dai har yanzu yake jan ƙafa. Satin da ya wuce Yaya ta zo da wani man shafawa a kai, tun kafin in buɗe baki tace tsaya, ta ɗauki hoton bayan kwalbar tace tura wa matar nan mai tabarau. Na nuna mata ranar asibiti, ta karanta har ƙasa tace wannan ki shafa, amma kada ki sa rai da yawa.